Cikin da Inna Ta Ce Ya Kwanta

Ranar da Munzali ya cika kwana ashirin da biyu da rasuwa, Huseina ta ga jini.

Ta daɗe tsugune a banɗaki da buta a hannu, ta kasa tashi. Ba kuka take ba. Kuka ya ƙare mata tun satin farko, tun yammacin da aka shigo da gawar mijinta a bayan a-kori-kura, bayan wata babbar mota ta buge babur ɗinsa yana dawowa daga gonarsa ta tumatir a Zobe. Abin da ya rage mata gajiya ce kawai, irin wadda barci ba ya cirewa.

Kwana biyar kafin wannan rana gidan ya ɗan farfaɗo. Al'adar Huseina ta yi jinkiri, sai Rukayya ƙanwar mamacin ta sayo tsinken gwaji a kemis ɗin bakin tasha. Layi biyu suka fito, na biyun dishi-dishi, sai an kai shi bakin taga ake ganinsa. Shekara uku da aure Huseina ba ta taɓa ganin wannan layin ba. Kafin la'asar surukarta, Inna Kyauta, ta sanar da rabin Kurfi cewa Allah ya bar mata baya.

Inna tana da wani gwangwanin madara da take ƙirga kwanakin takaba da shi. Kullum bayan asuba takan jefa ƙwallon dabino ɗaya a ciki, daga dabinon sadakar zaman makoki. In sun kai ɗari da talatin, wata huɗu da kwana goma ke nan, Huseina ta fita. Ranar da aka ga layi biyu akwai sha bakwai a ciki. Inna ta rufe gwangwanin ta ɗora bisa kabad.

"Mai ciki ba ta ƙirga kwana," ta ce. "Ranar da ta sauka, ranar ta fita."

Yanzu ga jini. Huseina ta fito tana dafa bango, ta sami Inna a tsakar gida tana tsince wake.

"Inna, ina jin cikin nan ya zube."

Tsohuwar ba ta ko ɗaga kai ba. "Kin ga gudan wani abu?"

"A'a. Jini ne, kamar na al'ada, sai dai ya fi yawa."

"To bai zube ba, Malama. Kwanciya ya yi." Malama take kiranta, don Huseina na koyar da 'yan aji uku a wata makarantar kuɗi a Dutsin-Ma. "Firgitar da kika yi ce ta kwantar da shi. Zai tashi in lokacinshi ya yi. Shi kanshi wancan haka ya yi mani."

Wancan shi ne Munzali. Ɗan fari ne, shekara talatin da huɗu Inna ba ta taɓa kama sunansa ba. Ba ta taɓa goya shi a gaban mutane ba, ba ta taɓa kallonsa ido cikin ido ta tambaye shi ko ya ci abinci ba. Ko ranar da aka kawo gawarsa, cewa ta yi, "A shigo da yaron nan daga rana."

Rukayya ce ta warware mata lissafin, suna zaune a ɗaki, ta rage murya.

"Matar Yaya, kin san abin da ake nufi da kwantaccen ciki kuwa? Inna ta aika an tambayi liman. Ya ce in dai an tabbata akwai ciki, mace ba ta fita sai ta haife, ko da zai kai shekara huɗu ko biyar. Akwai wata a Birchi, ƙawar Inna ce ma, shekara huɗu ta yi tana jira."

"Ta haihu?"

"Ina fa. Tsufa ta yi."

Huseina ta kalli bango. Shekararta ashirin da bakwai. Shugabar makarantarsu ta zo gaisuwa ta ce za ta riƙe mata ajinta har a koma hutu a watan Satumba, ba za ta iya wuce nan ba. Uwarta a Dutsin-Ma ta riga ta share mata ɗaki. Kwana ɗari da talatin za ta iya, ko da rarrafe. Shekara biyar a ɗakin nan, da rigunan Munzali rataye a ƙusa, ba aiki, ba fita, tana jiran abin da jikinta ya gaya mata ya tafi, wannan kam ba ta san ta inda za ta fara ba.

Ta ɗauki waya ta kira Hafiza, ƙawarta tun sakandare, wadda ke aiki a ɗakin gwajin wani asibitin kuɗi a Dutsin-Ma.

"Ki zo gobe da safe," Hafiza ta ce. "Kada ki bari ya wuce gobe."

Takaba ba ta hana zuwa asibiti, Inna ta san wannan. Sai dai ta ce ƙafarta ƙafar Huseina. "Kada su je su yi maki wankin ciki su wanke mani jika." Haka suka matsu su biyu a gaban wata tsohuwar motar haya, ga zafin bazara, ga buhunan albasa a baya, direban yana tsayawa a kowane ƙauye.

Hafiza doguwa ce mai saurin magana. Ta durƙusa ta gaida Inna, ta yi mata ta'aziyya, sannan ta ɗaure hannun Huseina da roba tana neman jijiya.

"Mi za ku yi da jininta?" Inna ta tambaya. "Ba fitsari ake aunawa ba?"

"Mama, in ciki ya shiga ya kama mahaifa, akwai wani sinadari da yake zubawa a jini. Mu a nan hCG muke ce masa. Shi tsinken kemis yake gani a fitsari, amma tsinke e ko a'a kawai ya sani. Na'urarmu kuwa ƙirga shi take, ta ba mu lamba."

"To a ƙirga."

Awa biyu suka yi a benci. Da Hafiza ta fito da takarda, Inna ta riga Huseina miƙewa.

"Arba'in da ɗaya."

"Alhamdu lillahi!" Inna ta daki cinyarta. "Kin ji ko, Malama? Arba'in har da ɗaya. Yana nan."

"Mama, tsaya tukuna. Lamba ɗaya ba ta faɗin komai. Sai kun dawo jibi war haka mu sake ɗiba. Cikin da ke tafiya daidai, a farkon nan lambarsa kusan ninka kanta take duk kwana biyu. In mun ga tamanin ko kusa, to. In mun ga ta sauka, wata magana ce."

"Allah ba zai nuna mana ba."

Hafiza ta kalli Huseina ta bisa kan tsohuwar. Huseina ta kawar da ido.

Jibi suka dawo, mota ɗaya, zafi ɗaya. Lambar ta fito sha biyu.

Wannan karon Hafiza ta shigar da su wurin likita, wata mata mai farin gilashi wadda da ganinta ita ma a gajiye take. Ta jera takardun biyu a kan tebur.

"Cikin ya shiga, wannan gaskiya ne. Amma bai zauna ba. Ɓari ne na farko-farko, tun kafin ya kai girman da hoto zai gan shi. Mata da yawa suna yin irinsa ba su sani ba, sai su ɗauka al'ada ce ta makara. Ba laifinki ba ne, ba wani abu kika ci ko kika ɗaga ba. Ku dawo bayan sati guda mu tabbatar lambar ta sauka ƙasa gaba ɗaya, don wani lokaci ciki kan maƙale a wajen mahaifa, shi kuma yana da haɗari. In kin ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya, ko jiri, kada ki jira satin."

Huseina ta gyaɗa kai. Ta zaci za ta ji wani abu ya tsinke mata a ƙirji. Ba ta ji ba. Ta riga ta sani tun a banɗaki.

Inna ce ta jawo takardar ta biyu ta ƙura mata ido, ita da ba ta karatun boko.

"Nawa kika ce?"

"Sha biyu, Hajiya."

"To sha biyu babu ne?"

"A'a, amma daga arba'in da ɗaya..."

"Likita, in mutum ya yi barci ba numfashinshi raguwa yake ba? Ai ga shi na'urarku ma ta shaida. Da yana farke arba'in da ɗaya, da ya kwanta sha biyu." Ta naɗe takardar ta ƙulle a gefen zane. "Na gode maku. Dama abin da nake gaya mata ke nan."

Likitar ta kalli ƙofa. Akwai mata goma sha a layi suna jiranta.

Satin nan shi ne mafi tsawo a rayuwar Huseina. Inna ta samo saiwoyi daga wata ungozoma a Birchi, ta jiƙa a kwano, wai na tada kwantaccen ciki. Safe da yamma take kawowa da hannunta ta tsaya a kai. Huseina kan kai baki, in Inna ta juya ta zubar ta taga, har ƙasar wurin ta yi baƙi. Matan unguwa na shigowa suna cewa, "Ya mai jiki biyu?" Wata ta kawo rigar jarirai saƙar hannu. Inna ta hana ta daka, ta hana ta ɗaukar bokiti, ta fara ajiye mata hanta duk ranar da aka yi miya da nama.

Wannan ya fi komai yi mata nauyi. Da faɗa Inna take yi, da ta san yadda za ta yi da ita.

Ranar Laraba da hantsi Rukayya ta same ta kwance tana kallon rufi.

"Gobe ne fa komawarku."

"Na sani."

"Ba ki da niyyar zuwa, ko?"

"Rukayya, na gaji. In na je na kashe mata ɗa sau biyu. Kin ga yadda ta koma cin abinci? Kin ji ta jiya tana 'yar waƙa a madafa?"

"Na ji. To ki zauna, in Allah ya kai mu shekara huɗu sai in kai ki Birchi ku gaisa da 'yar'uwarki." Rukayya ta zauna a bakin gado. "Uwata ce, ina sonta. Amma wallahi Yaya da kanshi ba zai yarda a kulle ki a kan abin da babu ba. Ki tashi ki wanke hijabinki."

Ta tashi ta wanke.

Ranar Alhamis Hafiza ba ta bar su a benci ba. Ta shigar da su cikin ɗakin gwajin, ta ba Inna kujerarta. Da sakamakon ya fito, ta karanta a hankali.

"Ƙasa da biyu. Ya sauka gaba ɗaya, Huseina. Babu sauran haɗari, babu kuma sauran ciki."

"Biyu," Inna ta ce.

"Ƙasa da biyu, Mama."

"Ko ɗaya ne ai wani abu ne. Barcin ne ya yi nisa."

Huseina ta rufe ido. Ga shekara biyar ɗin nan a tsaye a gabanta, ba ta da sauran ƙarfin da za ta ture su da shi.

Hafiza ta ajiye takardar. Muryarta ta ɗan tashi. "Mama, don Allah. Na'urar nan ba ta rubuta sifili, iyakar ganinta ke nan. Duk wanda ba shi da ciki haka take rubuta masa. Ni ma in na ɗebi nawa abin da za ki gani ke nan. Ko direban da ya kawo ku."

"Ko ni?"

"Ko ke."

Inna ta janye mayafi, ta naɗe hannun riga, ta miƙa siririn hannunta a kan tebur.

"Ɗebi."

"Mama..."

"Shekarata sittin da uku. Rabona da al'ada tun kina 'yar makaranta. Malam, maigidana, ya shekara sha ɗaya a ƙasa. In na'urarki ta ba ni lamba irin tata, na yarda lambar banza ce. In ta ce ni babu komai, ita kuma biyu, to kowa ya kama bakinshi, mu koma gida mu jira."

Hafiza ta kalli Huseina. Huseina ta ɗaga kafaɗa. Hafiza ta ɗauko roba da sirinji.

Aka sake jiran awa biyu. Fanka na juyawa tana kaɗa iska mai zafi. Inna na riƙe da auduga a gwiwar hannu tun bayan da jinin ya daɗe da tsayawa. Huseina ta lura leɓunan tsohuwar na motsi, ta kasa gane me take roƙo.

Na'urar ta yi ƙara. Hafiza ta duba, ta sake dubawa, ta sa hannu ta toshe baki.

"Mi ya faru? Faɗi mana."

"Huɗu, Mama."

"Nawa?"

"Huɗu. Ya kan faru ga matan da suka daina al'ada, jiki kan fitar da ɗan kaɗan da kansa, ba komai ba ne. Amma dai... lambarki ta fi tata."

Inna ta kalli Hafiza, ta kalli Huseina, ta kalli cikinta.

"To ashe ni ce mai cikin," ta ce. "Malama, sai ki fara ajiye mani hanta."

Dariya ta kuɓuce wa Hafiza. Huseina ma ta ji tata ta fito, wata busasshiya, ta farko tun rasuwar. Inna na dariya har kafaɗunta na rawa, tana yi tana yi, har suka gane ba dariya ba ce kuma. Hafiza ta tashi ta tura ƙofa.

Da ta lafa, tsohuwar ta share fuska da mayafi. Ba su take kallo ba.

"Wata sha tara ya yi a cikina. Kowa a Kurfi ya sani. Ina amarya na yi ɓatan wata, na yi amai, uwar Malam ta ce ciki ne. A wata na biyu na ga jini, kamar na Malama. Suka ce ya kwanta. Wata goma yana kwance, sannan ya tashi, na yi wata tara na haife shi."

"A wata goman nan," Hafiza ta tambaya a hankali, "kina ganin al'ada?"

"Duk wata. Suka ce haka kwantacce yake yi."

"Baba yana gida?"

"Ina za shi? Manomi ne."

Suna kallo Inna ta ɗaga yatsu tana lanƙwasa su ɗaya-ɗaya, ta kai goma, ta tsaya, ta sake farawa ta kai tara.

"Ciki biyu ne ke nan," ta ce. "Na farkon tafiya ya yi. Ban ko yi mashi addu'a ba." Ta sauke hannun. "Ashe ma ba shi ne na fari ba. Shekara talatin da huɗu ina kawar da kai. Ya faɗo daga bisa mangwaro ya karye, ina ji yana kirana, na aika ƙanwar Malam ta ɗauke shi, ni ina ɗaki ina cizon zane."

"Inna," Huseina ta ce, "ai wanda aka fara haifa shi ake wa kunya. Ba ki yi kuskure ba."

"Na sani. Ki bar ni dai."

Da suka sauka a tashar Kurfi Inna ta ce Huseina ta wuce gida, ita za ta biya ta gidan liman. Ba ta daɗe ba ta dawo. Ta ce ya ce tunda jini kawai aka gani, a koma lissafin farko, wata huɗu da kwana goma daga ranar rasuwa.

Ta shiga ɗakinta. Huseina na zaune a tabarma a inuwar zaure ta ji ana jan kujera, sai ga Inna ta fito da gwangwanin madara a hannu ɗaya, ƙullin ƙwallayen dabino a ɗayan. Ta zauna da ƙyar, ta buɗe murfin.

"Yau kwana nawa? Ke ce malama."

"Talatin da biyu."

"Akwai sha bakwai a ciki."

"Saura sha biyar ke nan."

Inna ta fara jefawa, ɗaya bayan ɗaya, kowanne na yin ƙara a gindin gwangwanin. Rukayya ta leƙo daga madafa da ludayi a hannu, ta ga abin da ake yi, ta koma ciki. A na tara hannun tsohuwar ya tsaya. Ta jujjuya ƙwallon a tafinta.

"Munzali na son dabinon nan," ta ce. Sunan ya fito mata a karkace, kamar kalmar wani yare. "Yana ƙarami yakan sace shi a kwanon Malam. Ina gani, in yi kamar ban gani ba."

Ta jefa shi. Ta ƙarasa sauran shidan, ta rufe gwangwanin, ta tura shi gaban Huseina.

"Ki riƙa sawa da kanki, ni mantuwa ta fara kama ni. Ki kira shugabar makarantarku ki ce mata kada ta ba wani ajinki."

Huseina ta ɗauki gwangwanin. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Saura tasa'in da takwas. Ta kai shi ɗaki ta ajiye a ƙarƙashin ƙusar da rigunan suke rataye, ta kwanta a gado da hijabinta a jiki, ba ta farka ba sai da Rukayya ta tashe ta sallar la'asar.